Daƙuwar da Na Kasa Yi a Dajin Carolina

Mun tashi da asuba ranar Lahadin da ta wuce, sanyi yana cizon kunne, bayan ni da abokina mutumin Damagaram mun yi salla a gaggauce. Ku da kuke ta bugo waya kuna tambayar abin da ya sami maigidana, da dalilin da ya sa ba a ganina a aji, ga labarin daga tushe, don na gaji da ba da shi guntu-guntu.

Wanda nake ce wa maigida shi ne mutumin da nake haya a saman garejinsa a East Greensboro, nan Amirka, shekara biyu ke nan tun da na zo karatun aikin gona. Baƙar fata ne ɗan ƙasar nan, makaniken babur, ya ba ni shekara goma sha. Idan ka gan shi ranar Litinin cikin rigar aiki, yana ɗingishi tsakanin kayan gyara, ba za ka ce shi ne zakaran tseren babur na daji a wannan yanki ba. Ba tseren kan kwalta nake nufi ba. Wannan a cikin kurmi ake yinsa, tsakanin itatuwa da duwatsu da rafi, a yi ta zagaye har awa biyu da wani abu, wanda ya riga kowa kuma ya fito da ƙasusuwansa a haɗe shi ne gwani. Maigida ya ci kofin shekara sau uku, kuma tseren ranar nan shi ne na rufe kakar bana. Mutanen da suka saba raka shi sun tafi biki, shi ne ya ce in zo in taimaka, ni kuma na jawo abokina don kada in zama bare ni kaɗai.

Motar tsohuwa ce mai rufaffen baya. Maigida yana tuƙi, uwargida tana gefensa, mu biyu muna baya tare da babur ɗin da aka ɗaure da igiya kamar ragon layya, da jarkokin mai guda uku. Muka ratsa tsakiyar gari, Elm Street ba kowa sai fitilu, a tashar bas kuma mutum biyu ne suka ƙudundune a kan benci. Wajen Sedgefield gari ya fara wayewa, muka hangi wasu dattawa har sun fito filin wasan golf da sandunansu suna bin ƙaramar ƙwallo cikin raɓa. Abokina ya ce a garinsu in dattijo ya fito da sanda da sassafe haka, to akuyarsa ce ta ɓace.

Daga nan muka hau babbar hanya muka yi yamma. Titi sumul, ba rami, ba shinge, ba mai tsayar da kai ya tambayi takarda, amma ni warin fetur ya hana ni jin daɗinsa. Bayan Winston-Salem ƙasa ta fara tudu da gangare, ga rumbunan busar da taba na katako a tsakiyar gonaki, ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya kamar an zuba masa rini. Mun tsaya a wani gidan mai, galan dala ɗaya da 'yan kai, akwai ɗakin cin abinci a jikinsa. A nan muka yi shari'ar da muke yi kullum a ƙasar nan. Na tambayi matar da ke soya ƙwai da wane mai take suya, ta nuna mini kaskon da naman alade yake iyo a ciki, tana murmushi kamar ta yi mini albishir. Muka haƙura da shayi da wani farin fate na masara da suke ci da man shanu, marar yaji marar gishiri, muka ƙara da dambun naman da abokina yake ɓoyo tun zuwansa hutu gida.

Maigida bai ci komai ba, ya fita duba igiyar babur. A nan ne uwargida ta ba mu tarihinsa, tana juya cokali a kofi. Ta ce yana ɗan shekara sha huɗu ya fara hawa, a gonar tabar kawunsa, da wani mataccen babur da ya tayar da hannunsa. Ranar da ya fara zuwa tsere, shi kaɗai ne baƙi a filin, ba wanda ya yarda ya ajiye mota kusa da tasa. Ya ci na uku. Shekara ta zagayo ya ci na ɗaya, daga nan masu gudun ajiye mota kusa da shi suka koma kawo masa baburansu gyara. Ta lissafa karayar da ya sha: allon kafaɗa sau biyu, haƙarƙari ba ta san adadi ba, ƙarfe a ƙafar hagu. Sai ta sassauta murya ta ce bara ƙashin wuyansa ya tsage. Likita ya gaya musu ya haɗe amma bai koma yadda yake ba, faɗuwa ɗaya a kansa za ta iya taɓa laka, daga nan sai keken guragu ko kabari. Na tambaye ta me ya sa ba ta hana shi ba. Ta dube ni kamar na tambayi me ya sa ba ta hana damina ba, ta ce ta daina ɓata bakinta tuntuni. Daga wannan lokacin na ture faten, ban ƙarasa ba.

Wajen ƙarfe tara muka bar kwalta muka shiga hanyar burji, jar ƙasa mai danƙo, har muka isa wata ƙatuwar gonar shanu da kurmi ya kewaye. Motoci sun fi ɗari, iyalai sun kafa rumfuna suna gasa nama, ƙarar babura kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Mutanen wurin masu fara'a ne fiye da yadda na zata. Duk wanda ya ga maigida sai ya zo ya dafa shi, wasu har da 'ya'yansu a kafaɗa. Wani tsoho da ba shi da haƙoran gaba ya tambaye ni daga ina nake, na ce Nijeriya, ya ce ai yana da ɗan'uwa da ya taɓa zuwa Masar, ko na san shi.

Maigida ya raba aiki. Abokina zai tsaya da uwargida a wurin zuba mai. Ni kuma ya ce in biyo shi cikin daji. Muka yi tafiyar kusan minti ashirin a ƙasa, ina ta duba ƙarƙashin ganye saboda maciji, har muka kai wani tudu. Hanyar tseren ta hau shi tsaye, daga ƙoli kuma ta faɗa wani gangare mai zurfi wanda mai zuwa ba ya iya ganin ƙasansa. Ya ce kowa a nan yake rage wuta ya gangara a hankali. Shi ba ya ragewa, tashi yake yi sama ya dira can ƙasa, kuma a irin wannan wurin yake cin tserensa. Matsalar ɗaya ce: idan wani ya faɗi a inda zai dira, ba zai sani ba sai yana iska. Masu tuta na hukumar tseren ba su isa kowane lungu ba, don haka yake ajiye mutuminsa.

Ya tsayar da ni a gindin wata bishiya inda nake ganin ɓangarorin biyu. "In hanya fes take, bar hannunka a aljihu," in ji shi. "In akwai mutum a ƙasa, yi mini haka." Ya ɗaga hannu ya ware yatsu biyar, ya turo tafin daidai fuskata. "Har cikin idona. Kada ka yi ihu, ba zan ji ba. Hannun kawai nake kallo."

Ku da kuke karanta wannan kun riga kun san abin da ya yi mini. Daƙuwa ce cikakkiya, irin wadda in yaro ya yi wa wani a unguwarmu sai uwarsa ta zo ba da haƙuri. Na ji wani abu ya tsarga mini, na sunkuyar da kai, na ce to. Da muka koma rumfa na kwatanta wa abokina a ɓoye, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fara da Faransancin mutanen Damagaram.

"Bon, yau kai za ka zagi uwar mai gidanka, kuma shi ya roƙe ka," in ji shi. "Wallahi Amirka ta gama da mu. Ka ce masa ya sake wata alama mana."

Na ce ai abin kunya ne in tsaya yi wa babban mutum bayanin zagi ana shirin tsere, kuma in Allah ya so ba wanda zai faɗi. Muka bar maganar a nan, muka ci gaba da dariya.

Da tsakar rana aka sake su. Ina tsaye a gindin bishiyata, na ji ƙarar tana tahowa ta cikin kurmi tun kafin in ga kowa, ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Mutum biyu suka wuce, suka gangara a hankali. Na uku shi ne maigida, na gane shi da jar hular kwanonsa. Ya kalle ni, hannuna yana aljihu, ya murɗa totur. Jama'a, ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi nisa da ƙasa haka ba tare da jirgi ba. Na ga cikin babur ɗin daga ƙasa, taɓo yana zuba, na ji salati ya fito daga bakina ban shirya ba. Ya dira, ya yi tsalle ɗaya, ya wuce mutum biyun nan kamar suna tsaye.

Haka ya yi a zagaye na biyu da na uku. Tsakanin zuwa da zuwa minti ashirin ne da ɗoriya, kuma duk tsawonsu ba abin da nake tunawa sai maganar uwargida a kan wuyan nan. Wasu 'yan kallo biyar ko shida sun zo sun tsaya can gefe da kwalaben giyarsu, duk sanda ya taho sai su dunƙule hannu su ɗaga sama suna kaɗawa, wato ya ƙara wuta.

A zagaye na huɗu abin ya faru. Wani mai koriyar riga ya gangaro, tayarsa ta gaba ta zame a saiwa, ya kife daidai inda maigida yake dira, babur ya danne masa ƙafa. Yana ta fafutukar zarewa ya kasa. Kafin in yi tunanin sauka in ja shi, na ji ƙarar da kunnena ya riga ya haddace. Jar hula ta ɓullo daga cikin itatuwa.

Na zare hannu daga aljihu, wannan na tabbata. Na ɗaga shi. Maigida ya ɗago kai, ta cikin tabaransa na ga idonsa a kaina, mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni asibiti lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni a hunturun farko. Sai yatsuna suka ƙi buɗewa. Ban yanke shawarar komai ba, wallahi ban ma tuna kalmar daƙuwa ba. Hannun ne da kansa, wanda aka yi shekara ashirin da bakwai ana koya masa cewa ba a ware wa na gaba yatsu, ya dunƙule. Na tsaya da dunƙulen hannu a sama, ina yi masa jinjina yadda ake yi wa manya a gida. Shi kuma abin da ya gani shi ne abin da 'yan kallo suke yi masa tun rana: hanya fes, ƙara wuta.

Ya tashi. Yana iska ya ga mutumin. Na ga ya karkatar da jikinsa gaba ɗaya ya fizge babur ɗin gefe, ya kauce wa mai koriyar riga da abin da bai fi kamu ɗaya ba. Amma ya dira a karkace. Babur ya yi nasa wuri, shi ya yi nasa, ya mirgina sau uku ko huɗu ya bugi gindin wata bishiya, ya tsaya. Bai motsa ba.

Abin da zai ba ku haushi, kamar yadda yake ba ni, shi ne sai a lokacin yatsun suka buɗe. Na tsaya a tsakiyar hanya a kan tudun, hannu biyu, ina raba wa duk wanda ya taho daƙuwa. Na yi wa Turawa sun fi ashirin, kowa ya taka birki, ba wanda ya ji an zage shi.

Da 'yan kallo suka karɓi tsaron tudun suka kuma ɗage babur daga ƙafar wancan, na gangara da gudu ina zamewa. Maigida yana kwance rigingine, idonsa a buɗe yana kallon sama. Na kai hannu zan cire masa hula, ya ce da wata murya siririya, "Kada ka taɓa ni. Kada kowa ya taɓa wuyana." Can kuma ya ce, "Duba mini, ƙafafuna suna nan?" Na ce suna nan. Ya ce ba ya jin su.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba na fatan in sake. Na durƙusa a taɓo kusa da kansa ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina rikita ayoyi, ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, duk saukar da ya yi sai in ce ba zai sake hawa ba. Masu agaji sun ɗauki kusan rabin awa kafin su iso da gadon katako, don mota ba ta shiga wurin. Uwargida ta iso tare da su. Ba ta yi kuka ba, ta durƙusa ta riƙe ɗan yatsansa ɗaya, ta bi gadon a haka har bakin daji.

Motar asibiti ta tafi da su, ni da abokina muka ɗora babur ɗin da ya lanƙwashe muka bi baya, shi yake tuƙi. Tafiyar minti arba'in ce zuwa asibitin wani ƙaramin gari, hanyar tana da kyau ko ba ta da shi ban sani ba. Sau ɗaya ya tambaye ni, "Ka yi masa daƙuwar?" Na girgiza kai. Ya ce innalillahi a hankali.

Mun zauna a barandar ciki daga azahar har bayan la'asar, muka yi salla a bayan mota a filin ajiye motoci. Uwargida ta je wayar sulalla ta kira mahaifiyar maigida, wadda ashe garinsu bai da nisa da wurin. Tsohuwar ta iso da kayan cocinta, farar hula da safar hannu, 'yar ƙarama da ita, tana dogara sanda. Aka ce mata ni ne wanda ya tsaya masa a daji. Ta cire safar, ta kama hannuna na dama da hannayenta biyu, ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ba ka bar shi shi kaɗai ba." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Wajen ƙarfe biyar likita ya fito. Ya ce wuyan ya riƙe, lakar ba ta tsinke ba, bugun ne ya sa ƙafafun suka mutu na ɗan lokaci, kuma yanzu ya motsa yatsun ƙafarsa. Tsohuwar ta zauna a benci ta rufe fuska. Amma ƙugunsa ya karye wuri biyu, za a yi masa aiki, zai daɗe kafin ya taka, maganar hawa babur kuwa ta ƙare. Aka bar mu muka leƙa shi na minti ɗaya. An ɗaure masa wuya, allura ta sa idonsa ya yi nauyi. Ya dube ni ya ce, "Na ga hannunka." Daga nan barci ya ɗauke shi, ban san ko tambaya ce ko tuhuma ba.

A baranda na tare uwargida na gaya mata komai. Ku gwada fassara daƙuwa da Turanci ga matar da mijinta yake kwance a karye, ku ji yadda take fita. Na ce a wurinmu wannan alamar zagin uwa ce, hannuna ya ƙi yi masa, kuma tun da safe na san da matsalar na yi shiru. Sannan ta ce, "Shekara goma ina roƙon Allah ya raba shi da babur ɗin nan. Ban san ta hannunka za a amsa ba. Ba zan gode maka ba, kuma ba ni zan yafe maka ba. In ya farka sosai, kai za ka gaya masa da bakinka." Ta miƙo mini makullin gareji ta ce in kai babur ɗin gida, in sa shi inda ba za ta gan shi ba.

Mun kamo hanya rana tana faɗuwa a bayanmu, babur ɗin yana ƙara a baya duk inda muka taka gargada. Ba mu tsaya ko'ina ba sai sallar magariba a gefen wani gidan mai. Mun shigo Greensboro dare ya yi, mutane suna fitowa daga cocin yamma a unguwarmu, wasu suna ɗaga wa motar hannu don sun ɗauka zakaransu ne ya dawo da kofi. Muka tura babur ɗin can ƙuryar gareji, na lulluɓe shi da tamfol.

Na yi kwanaki ina juya abin, na gane ba a kan tudun na yi laifin ba. A kan tudu hannu ya yi abin da ya saba ne. Laifin da safe na yi shi, a rumfa, lokacin da nake dariya maimakon in buɗe baki in ce wa mutum wannan ba zan iya ba, ba ni wata alamar. Minti ɗaya zai ɗauka, ƙila ma ya yi dariya ya ba ni tsumma in kaɗa. Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida, ni kuwa na ɗauki kunyar gida na kai ta daji. Na ƙi zagin uwar mutum, saura kaɗan in sa ta binne ɗanta.

Jiya aka dawo da shi babban asibitin nan cikin gari, aikin ya yi kyau. Da safen nan uwargida ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce ya farka sosai, kuma ni ya fara tambaya. Ƙarfe huɗu ake barin masu dubiya su shiga. Na yi wanka, na sa rigata, tun ƙarfe biyu nake zaune a bakin gadona ina jira.